Olaus Magnus: ya rasa ƙasa, ya bar taswira

Cikin dukan tsofaffin taswirorin arewacin Turai akwai guda ɗaya wadda kowane mai tara irin waɗannan takardu ya san sunanta, ya kuma san ba zai taɓa mallakarta ba, kome yawan dukiyarsa. Sunanta Carta Marina, wato taswirar teku. An buga ta a birnin Beniz na ƙasar Italiya a shekara ta 1539, kuma guda biyu tak aka sani sun rage a duniya: ɗaya tana Munik ta ƙasar Jamus, ɗaya tana Upsala ta ƙasar Suwed, dukansu a manyan gidajen ajiyar littattafai, inda ba a taya kaya balle a sallama. Wanda ya zana ta, Olaus Magnus, limamin Katolika ne ɗan Suwed, wanda ya yi shekara 12 yana aikinta a ƙasashen mutane, a lokacin da hanyar komawa gida ta toshe masa. Labarin mutumin nan da takardarsa shi ne ƙashin bayan tarihin taswirorin arewa, kuma a cikinsa ake gane abin da ke sa mutum da hankalinsa ya zuba kuɗi ya sayi tsohuwar takarda wadda ko yaron lakwal zai iya nuna kurakuranta.

Arewa kafin Olaus

Masanan Larabawa tun da wuri, da na Turai daga ƙarni na 15, duk sun dogara ga Batlamus, malamin Iskandariya ta Masar, wanda ya rubuta littafin labarin ƙasa a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa. A wurinsa duniyar mutane ta ƙare ne a wani tsibiri mai suna Thule, ƙasar Suwed kuwa ƴan tsibirai ne kawai a bakin teku. A shekara ta 1154 Sharif al-Idrisi, wanda ya yi wa sarki Roger na Sisiliya aiki a Palermo, ya ƙara wani abu a kan wannan, don ya zauna yana yi wa fatake da matafiya tambayoyi. Littafin da ya ba da labarin garuruwan Kawar, can arewa maso gabashin Nijar ta yau, shi ne kuma ya ambaci Finlandi da Norbej, ko da yake ya ɗauki Norbej tsibiri ce.

Ɗan arewa na farko da ya zana yankin shi ne Claudius Clavus, mutumin Danmark, wanda taswirarsa ta 1427 take ajiye a Nansi ta Faransa. Shi ya fara sa Girinlandi a takarda. Sai dai a zanen da ya sake yi daga baya, da ya rasa sunayen da zai ba rafuffuka da duwatsun gaɓar Girinlandi, sai ya ɗauko kalmomin wata waƙar gargajiya ta ƙasarsu ya jera su ɗaya bayan ɗaya a bakin teku, masu ɗab'i kuwa suka yi ta kwafa shekara da shekaru ba tare da sun san waƙa suke rerawa ba. Daga aikinsa aka samo taswirar arewa ta farko da ta fito daga maɗaba'a, a garin Ulm na Jamus a 1482. Masu tarawa suna bambanta wannan bugu da na 1486 ta launin teku: na farko shuɗi ne mai kyau, na biyu kuwa ya yi ƙasa-ƙasa.

Wannan ita ce arewar da Olaus ya tarar a littattafan Turai: ƙasarsa a murɗe, rabinta babu, rabin da ke akwai kuma da sunayen ƙarya.

Ma'aikacin da mulki ya juya wa baya

An haifi Olaus a 1490, ya yi karatu a Jamus, ya koma gida ya shiga aikin majami'a. A 1518 da 1519 aka aike shi can ƙuryar arewa karɓar kuɗin takardun yafe zunubi, cinikin da Martin Luther ya tashi yana suka tun 1517. Wannan tafiya ita ce jarinsa na dukan rayuwa. Ya ƙetara duwatsu ya shiga Norbej, ya kai garin Tornio a ƙarshen mashigin tekun Botniya a tsakiyar bazarar 1519, lokacin da rana ba ta barin dare ya yi duhu. Can ya tarar da kasuwa cike da ƙabilu, ƴan Rasha da ƴan Finlandi da Sami makiyayan barewar ƙanƙara, ana musayar fatu da kifi da hajar kudu. A watan Nuwamba na 1520 kuma yana Stokolm sa'ad da sarkin Danmark, Christian na 2, ya sa aka kashe manyan Suwed fiye da 80 a dandalin gari, da limamai a cikinsu.

Daga wannan jini Gustav Vasa ya taso, ya kori ƴan Danmark, ya hau mulki a 1523. Da fari abin ya yi wa Olaus daɗi. An zaɓi wansa, Johannes Magnus, babban limamin Upsala, shi kuma sabon sarki ya aike shi Roma a 1524 neman yardar Paparoma, daga nan ya ci gaba da yi wa sarki jakadanci a Lubek da Holand. Yana cikin wannan hidima ƙasa ta juya. Sarki yana fama da bashin yaƙi, dukiya kuwa tana hannun majami'a. A taron Vasteras na 1527 aka ba shi ikon karɓe ta, ƙasar kuma ta kama hanyar Luther. Olaus da wansa suka ƙi bi. A 1530 aka ƙwace abin da ya mallaka a Suwed.

Duk ma'aikacin da ya taɓa fita da takardar aiki a aljihu, ya dawo ya tarar wani na zaune a bironsa, ya san ɗanɗanon wannan abu. Bambancin kawai, shi Olaus bai dawo ba. Ya fita yana da wajen shekara 34, ya rasu yana da wajen 67, bai sake taka ƙasar haihuwarsa ba. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi dai gida ya bar shi, amma ya ƙi barin gida.

Ya zauna da wansa wajen shekara 10 a Danzig, babbar tashar jiragen ruwa ta tekun Baltik. Can ne jiragen hatsi da katako da kifi ke sauka daga kowace kusurwa ta arewa, can ne kuma ya sami abin da littattafai ba su da shi: bakin matuƙan jirgi. Ya haɗa abin da ya gani da idonsa, da abin da suka faɗa masa, da abin da ya karanta. A 1537 suka wuce Italiya, babban limamin Beniz, Gerolamo Querini, ya sauke su, ya kuma taimaka da kuɗin ɗab'i.

Abin da ke cikin takardar

An sassaƙa taswirar a alluna tara na katako, aka buga kowanne a takardarsa, kowace takarda da harafinta, daga A zuwa I. In aka liƙa su wuri ɗaya, faɗinta ya kai metir 1 da santimetir 70, tsayinta metir 1 da 25. A nan ne karon farko tekun Baltik ya fito da kamanninsa, da mashigin Botniya ya miƙe arewa, na Finlandi ya nufi gabas, Suwed da Norbej kuma suka zama doguwar ƙasa guda mai manne da sauran Turai.

Amma abin da ke tsaida mai kallo shi ne rayuwar da ya cusa a kowane taƙi. Ga maharba sun ɗaure dogayen katakai a ƙafa suna sulɓi bisa ƙanƙara da baka a hannu. Ga barewa tana jan keken da ba shi da ƙafa. Ga mahaya suna gwabza yaƙi a kan tekun da ya daskare. A Islandi ga dutsen Hekla yana aman wuta, ga gangunan man shanu, ga tarin busasshen kifi, irin wanda har yau ake lodi daga Norbej zuwa kasuwannin Najeriya. Kusa da nan jirgin ƴan Hambur yana harbin na ƴan Skotland, don rikicin kasuwa ba yau ya fara ba. A gaɓar Norbej, wajen tsibiran Lofoten, ya zana guguwar ruwan nan mai juyi tana haɗiye jirgi.

Sai kuma dodannin ruwa, waɗanda su suka yi wa taswirar suna. Wani maciji ya nannaɗe jirgi yana tsintar ƴan jirgin. Wata ƙatuwar ƙaguwa ta damƙe mutum da hannu guda. Wasu matuƙa sun tsaida jirginsu a bayan wani babban kifi suna zaton tsibiri ne, har sun hura wuta sun aza tukunya. Wasu kuwa suna busa ƙaho suna jefa ganguna cikin ruwa don su kori dabbar da ta taso musu. Mai karatu zai yi dariya, amma ya kamata a yi wa mutumin adalci: a tudu, inda ya taka da ƙafarsa, ya zana abin da ya gani, a teku, inda bai je ba, ya zana abin da aka faɗa masa, bai rage ba. Kuma ba dukan ji ne ƙarya ba. Gabas da Islandi ya cika ruwan da wasu layuka masu murɗewa waɗanda aka daɗe ana ɗauka ado ne. A 2003 wasu masanan teku biyu suka gwada su da hotunan tauraron ɗan'adam, suka nuna cewa sun faɗo daidai inda ruwan ɗumi na kudu ke karo da ruwan sanyi na arewa yana juyawa. A ganinsu, matuƙan jirgi ne suka ba shi labari.

To, me ya sa ɗan gudun hijira, wanda yake ci a akushin wani, ya ɗora wa kansa wannan wahala? Taswirar ƙara ce ya shigar. Yana son Paparoma da manyan Roma, waɗanda suka ɗauki arewa wani kango ne mai duhu, su ga girman ƙasar da yawan jama'arta da arzikinta, su gane abin da ya suɓuce musu, su tashi su karɓo shi. Shi ya sa ya haɗa ta da ƙananan littattafan bayani biyu, ɗaya da Italiyanci ɗaya da Jamusanci, don kada kowa ya ce bai fahimta ba. Ƙarar ba ta yi nasara ba. Paparoma Paul na 3 ya ba shi takardar da ta hana kowa kwafar aikin har shekara 10. Da wansa ya rasu a 1544 kuma aka naɗa shi babban limamin Upsala, sarautar da ba ta da kujera sai suna. Ya halarci babban taron Katolika na Trento, ya kafa maɗaba'a a gidan da yake zaune a Roma, ya fitar da babban littafinsa na tarihin mutanen arewa a 1555, kashi 22, da zane fiye da 400. Ya rasu a Roma ran 1 ga Agusta 1557. Suwed kuwa ba ta waiwayo ba.

Ɓata da bayyana

Ita ma takardar sai ta bi sawun mai ita. Ambatonta na ƙarshe a rubuce ya zo a 1574, daga nan aka yi shekara fiye da 300 ba wanda ya ce ya gan ta, har wasu suka fara shakkar ko an taɓa yin ta. Dalili ba boyayye ba ne. Taswirar bango ana rataye ta, hayaƙi ya turare ta, laima ta ci ta, in ta tsufa a yar. Wadda aka ɗinke cikin littafi ita ke tsira, don tana kwance a rufe. Abin da ya rage a hannun mutane shi ne ƙaramin bugun da Antonio Lafreri ya yi a Roma a 1572 a kan allon jan ƙarfe, da dodannin da wasu suka ara: Sebastian Munster ya tara su a shafi guda cikin littafinsa, Abraham Ortelius na Anvers kuma ya zuba su kewaye da Islandi a tasa taswirar.

Cikin wannan duhu wata ƙarya ta yi ƙiba. A 1558 wani ɗan babban gida na Beniz, Nicolo Zeno, ya buga littafi da taswira, ya ce kakanninsa sun yi yawo a tekun arewa wajen 1380, sun zauna a wani babban tsibiri mai suna Frisland. Tsibirin babu shi. Amma Mercator ya sa shi a taswirar duniya ta 1569, Ortelius ya sa shi a 1570, kuma da matuƙin Ingila Martin Frobisher ya hango kudancin Girinlandi a 1576, sai ya ce ga Frisland nan. Tsibirin ya yi fiye da shekara 100 yana yawo daga taswira zuwa taswira. Sai a 1886, da wani malami mai suna Oscar Brenner ya tono Carta Marina a gidan littattafan Munik, aka aza ta kusa da ta Zeno, aka ga inda ya kwaso tsibirai da sunaye da dama. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma wannan ya yi shekara 328 kafin a ga ƙarshensa.

A tsakanin nan sana'ar ta canja hannu. A 1626 Anders Bure ya buga taswirar arewa bisa awo da lissafi, bayan shekara 2 kuma sarkin Suwed ya ɗora masa aikin auna ƙasar gaba ɗaya, wanda shi ne tushen ma'aikatar kadastir ta can. Dodanni suka ja da baya, taswira ta koma kayan aikin hukuma, na haraji da na yaƙi. Ƴan Amsterdam, musamman gidan Blaeu da babban kundinsu na 1662, suka maida ita hajar attajirai, da launi da ruwan zinariya.

Abin da mai saye ke dubawa

Tun da Carta Marina ta fi ƙarfin kasuwa, abin da ke yawo hannun dillalai shi ne ƴaƴanta da jikokinta: shafukan Munster, da na Ortelius, wanda aka buga kundinsa fiye da sau 30 tsakanin 1570 da 1612, da na Mercator, da na Blaeu. Kusan kowane ɗaya daga cikinsu an yanko shi ne daga littafi, don dillalai sun daɗe da gane cewa sa ya fi kuɗi in an kasa shi tsibi-tsibi. Wannan ciniki ya hallaka kundaye masu yawa, ya kuma buɗe ƙofa ga ɓarayi. A 2005 aka kama wani sanannen dillali Ba'amurke da reza a gidan littattafan jami'ar Yale, daga baya ya amsa cewa ya saci taswira 97.

Saboda haka mai saye na gaskiya takarda yake fara dubawa kafin zane. Yakan ɗaga ta ga haske. Takardar da, da tsumma aka yi ta, da hannu, ana ganin layukan rariyar da aka tace ta, da tambarin mai ita a ɓoye a ciki. Malaman Damagaram da Agadas da Kano sun san wannan, don tsofaffin littattafansu da yawa an rubuta su ne a takarda mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a yankin Beniz ɗin nan, ta biyo ayari ta Tarabulus. Sa'an nan ya shafa gefen zanen ya ji shatar da allon jan ƙarfe ya bari. Ya duba karyar tsakiya inda aka ɗinke ta cikin littafi. Ya juya baya ya karanta rubutun, don harshensa da lambar shafi su ke faɗin shekarar bugu. In akwai launi, ya duba koren: tsohon kore, da tsatsar jan ƙarfe aka haɗa shi, yakan ci takarda har ya ɓullo ta baya da duhu-duhu, wanda aka shafa jiya kuwa ba ya yin haka. Daga ƙarshe ya tambayi hannuwan da ta biyo, kamar yadda mai sayen fili ke neman takardun wanda ya sayar wa wanda ya sayar masa.

Wanda ya tsallake wannan tambaya ta ƙarshe yakan sha kunya, ko da jami'a ce. A 1965 Yale ta fito da wata taswira da aka ce ta ƙarni na 15 ce, mai nuna gaɓar Amurka da mutanen arewa suka kai tun kafin Kolombus. Ba wanda ya iya faɗin inda take kafin 1957. An yi shekara fiye da 50 ana gardama, har a 2021 jami'ar da kanta ta bayyana cewa jabu ce: tawadar tana ɗauke da wani sinadari da ba a fara sarrafawa ba sai wajen 1920.

A nan ne ake gane abin da ake saye. Taswirar da ke ɗauke da Frisland tana da daraja a kasuwa, wani lokaci ma saboda Frisland ɗin ake nemanta, don shaida ce ta gaskiya a kan abin da mutanen 1570 suka yarda da shi. Ta Yale kuwa ba ta shaidi kome ba sai wayon wanda ya ƙirƙira ta. Mai tarawa ba hanya yake nema a takardar ba, waya ma tana nuna masa hanya. Yana neman ya riƙe a hannunsa iyakar sanin wani mutum a wata shekara, da tsoronsa, da buƙatar da ta sa shi zane. Adolf Erik Nordenskiold, wanda ya fara kewaya arewacin Rasha da jirgi a 1878 da 1879, ya fi kowa sanin kurakuran tsofaffin taswirori, amma ya ƙarasa rayuwarsa yana tara su. Tarinsa yana Helsinki, UNESCO kuma ta sa shi cikin abubuwan tarihin duniya a 1997.

Shi Olaus, ƙasarsa ta daɗe ba ta saurare shi ba. An juya littafinsa zuwa Faransanci da Italiyanci da Jamusanci tun ƙarni na 16, zuwa Ingilishi a 1658, amma bai fito cikakke da harshen Suwed ba sai tsakanin 1909 da 1925. A 1961 aka ji labarin Carta Marina ta biyu a ƙasar Suwis. Jami'ar Upsala ta saye ta, ta iso a 1962, shekara 405 bayan rasuwar mai ita, cikin garin da ya riƙe sunan limancinsa shekara 13 bai kwana a ciki da rawanin ba ko sau ɗaya. Tana can a gidan littattafan jami'ar, ƴan lakwal suna zuwa kallon macijin.